Shekara Uku Ina Gashi da Mataccen Lasisi

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni mutum ne da in ka shigo Ƙaraye kana neman likitan gashi, ko akuya ka tambaya za ta ɗaga haɓa ta nuna maka ƙofata. Aikina gashin ƙashi ne, wanda 'yan boko ke kira fisiyo. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda ya karye aka cire masa filasta gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, da tsohuwar da baya ya riƙe wa, duk wurina ake kawo su. Kwana uku ina asibitinmu a Ƙaraye, kwana biyu ina Rogo. Ina da tumbi daidai misali, ina da muryar da in na yi dariya a ɗakin gashi sai direbobi su jiyo ni a tasha, sannan Allah ya ba ni hannu. Za ku ce yabon kai ne. To, yabon kai ne, amma gaskiya ne, kuma har gobe ina alfahari da hannun nan. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani abu guda da ba na alfahari da shi.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Fulatan. Mahaifina malamin allo ne kuma manomi, bai san boko ba, amma bai hana ni ba. Na sha wuyar karatun nan, don na haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi har na kai in aka zuba mini nama a miya sai na faɗi sunansa kafin in tauna. Na gama jami'a, aka rantsar da mu, na yi shekarar horo a babban asibiti a Kano, sannan hukumar da ke kula da masu irin aikinmu ta ba ni takardu biyu. Ɗaya ta rajista ce, wadda ake bayarwa sau ɗaya. Ɗayar kuma lasisin taɓa marasa lafiya ne, wanda ake sabuntawa duk shekara, kuma ba a sabunta shi sai ka nuna ka halarci bita ka tara maki, wato shaidar cewa kana ƙara ilimi. Ranar da na kai wa Baba takardun nan zaurenmu ya cika. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a, ya ce in karanta masa abin da aka rubuta. Da na zo wurin da aka ce lasisin zai ƙare aiki a ƙarshen shekara, sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ashe ilimin naku tumatir ne, shekara ɗaya ya ruɓe?" Ya ce shi malaminsa sau ɗaya ya sa masa albarka ya ba shi izinin karantarwa, kuma har malamin ya koma ga Allah bai aiko a mayar masa da izininsa ba. Aka yi ta dariya, ni na fi kowa.

Baba ya faɗi maganarsa ya manta, ni kuwa na ɗauke ta na sa a aljihu. A shekarun farko ban yi wasa ba, shekara na juyawa zan je bita, in haɗa takardu, in sabunta. Amma da sunana ya fara tafiya, sai kaina ya fara kumbura. Bitar nan kuma kamar da gayya, sau da yawa sai ta faɗo lokacin kaka, daidai sanda nake son in ɗauki hutu in tsaya a kan cirar gyaɗata a Fulatan. Ga shi masu koyarwar wasunsu na girme su. Shekarar da na fara tsallakewa na ce wa kaina sai baɗi. Da baɗi ta zo na ce ai makin shekara biyun zan haɗa gaba ɗaya. Duk abokin aikin da ya tuna mini sai in jefa masa maganar tumatir, in kwaikwayi muryar Baba, a yi dariya, maganar ta mutu. Na faɗe ta a majalisa, na faɗe ta a wurin ɗaurin aure, na faɗe ta har na yarda da ita. Kuma babu mai tambaya. Wanda ya ɗauko mahaifiyarsa daga Beli a bayan a-kori-kura ba takarda ya zo gani ba, so yake ta miƙe. Haka na ci shekara uku ina gashi da mataccen lasisi, ina sane, ba mantuwa ba ce.

A cikin shekara ta ukun aka kawo mini wani dattijo daga Jajaye, manomi, wanda asalin iyayensa Zazzagawa ne. Hawan jini ya kayar da shi bayan an gama kaka, ɓarin hagunsa ya shanye, hannu da ƙafa. Allah ya bar masa bakinsa, kuma da alama duk ƙarfin da ya bar hagun can ya koma. Matarsa da ƙanensa ne suke kawo shi Rogo. Ranar farko, ana shigo da shi ranga-ranga, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa matarsa su koma gida, don bai taɓa jin inda Bakano ya gyara abu ba tare da ya sayar da rabinsa ba. Na ce masa ai Bazazzage ko lafiyarsa ƙalau a kwance yake wuni, don haka ban ga abin da ciwon ya rage masa ba. Daga nan muka ƙulla. Ina ce masa Baba na Zazzau, yana ce mini ɗan kasuwa. Amma da aka fita aka bar mu mu biyu, ya riƙe mini riga da hannunsa mai lafiya ya ce shi ba gudu yake roƙo ba, ba noma ba, so yake ya kai kansa bayi ya kai kansa masallaci, a daina ɗaukarsa kamar buhun masara a gaban surukansa. Na yi masa alƙawari da bakin nan nawa mai faɗi cewa kafin ruwan shuka zai taka, in Allah ya yarda. A aikinmu watannin farko bayan shanyewar jiki su ne zinariya, abin da aka samu a cikinsu da wuya a same shi daga baya. Don haka ban tsaya a kwana biyun Rogo ba, ranar Asabar ma ina bin sa har gida.

Akwai wani abu a ɗakin gashina da nake ji da shi. Igiya ce da na rataya a kan wata 'yar tayar ƙarfe a jikin rufi, wani mai walda ya haɗa mini. Mara lafiya zai kama ɗaya bakin da hannu mai lafiya, a ɗaura shanyayyen a ɗaya bakin, yana ja shanyayyen yana tashi sama. Marasa lafiya suka sa mata suna lilo. Haka na gani ana yi tun ina ɗalibi, kuma duk baƙon da ya zo sai na nuna masa ita kamar ni na ƙera jirgin sama. Dattijon nan ya fara tsayuwa da taimako, ƙafa tana amsawa, amma kullum aka sa shi a lilo sai ya ce kafaɗarsa tana masa zafi. Ni kuwa sai in ce ragwancin Zazzagawa ne ya motsa, ya ja kawai. Yakan cije ya ja.

Ana cikin haka aka turo kwamitin tantance ma'aikatan lafiya daga Kano. Ban damu ba, don na saba da irinsu, a gaisa, a yi raha, a sa hannu. Da na shiga sai na tarar wadda aka ɗora wa duba takardun masu irin aikinmu wata ce da ta yi horo a hannuna shekarun baya, yanzu ta zama babba a wani asibiti a birni. Ta tashi tsaye ta gaishe ni, ta tambayi iyali da gona. Na zauna na baje, na miƙa mata fayil. Ta buɗe, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta tambaye ni a hankali ko akwai wani lasisin da na manta a gida. Na gyara murya zan jefa mata maganar tumatir, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Malam, kai ka koya mini cewa ba a taɓa mutum da hannun da ba a ba shi izini ba. Yaya zan yi da wannan?" Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, in ma tumbin ya ƙi wucewa in bar shi a waje. Ba ta ɓoye ba, kuma ban roƙe ta ta ɓoye ba, wannan kaɗai na tsira da shi a ranar. Kafin sati ya zagayo takarda ta fito: an dakatar da ni daga taɓa mara lafiya har sai na kawo lasisi mai rai.

Ba kujerata ce ta fara faɗo mini a rai ba, dattijon Jajaye ne. A iya sanina babu wani mai aikina kusa da za a miƙa shi gare shi, kuma kai shi Kano sau uku a sati ya fi ƙarfin gidansu. Ƙanensa ya same ni ya ce shi bai ga abin damuwa ba, asibiti aka hana ni, ba a hana ni Jajaye ba, in riƙa zuwa gida kamar yadda na saba, wa zai sani. Abokaina na majalisa ma haka suka ce, har wani ya ce ai taimako ne, lada zan samu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na amince a zuciyata. Ranar Juma'a na biya ta gida gaida Baba, na ba shi labari ina ɗan sassaƙa shi yadda zai yi daɗin ji, na ƙare da cewa ai shi ma ya faɗa tun farko, ilimi ba tumatir ba ne. Na zaci zai yi dariya. Sai ya tambaye ni ko ranar da aka ba ni takardar an gaya mini sharaɗinta. Na ce an gaya mini. Ya tambaya ko na amsa. Na ce na amsa, har da rantsuwa. Sai ya ce, "To ni wasa na yi, kai kuma alƙawari ka ɗauka. Wanda ya haddace Alƙur'ani ma in ya bar tilawa gudu yake ya bar shi. Alwalarka ta karye shekara uku kana ta jan mutane salla." Ya ce in na je Jajaye a ɓoye, to in san ba da albarkarsa na je ba.

Na je Jajaye washegari, amma hannuna a aljihu. Na zauna a gaban dattijon da matarsa na faɗa musu komai, ban rage ba. Dattijon ya ce dama ya faɗa, Bakano ya sayar masa da kayan da kwanansu ya ƙare. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba, sannan ya tambaye ni ko ruwan shuka zai jira takardata. Daga gidan na kira tsohuwar ɗalibar tawa, na ajiye girman kai na roƙe ta. Ta nemi izinin shugabanninta da namu, aka yarda ta riƙa zuwa Rogo rana ɗaya a sati tana duba marasa lafiyata. Ni ne direbanta daga tasha, ni ne mai ɗaukar mata jaka, sannan in koma benci in zauna kamar ɗan rakiya. Ranar farko ta taɓa kafaɗar dattijon, ta ɗaga kai ta kalli lilo. A mota ta ce don Allah kada a ƙara sa shi a igiyar nan. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata yarinyar da na koya wa riƙon gwiwa ce yau take gyara mini ɗaki. Amma ba ni da bakin magana, sai na sa aka kwance.

Sai fafutukar sabuntawa. Ashe a shekara ukun nan komai ya koma intanet. Na manta lambar sirrina, na manta adireshin imel ɗin da na buɗe, mai shagon kwamfuta a Ƙaraye ya ɗauke ni hoto ya fi sau goma, kowanne na'ura ta ce kaina ya yi girma, abin da mutanen gari suka daɗe da sani. Na rubuta takardar ba da haƙuri, na biya abin da ake biya har da tara. Amma maki ba a sayensa, sai an zauna. Na bi bita duk inda na ji an buɗe, ina zama a tsakiyar yaran da ba a haife su ba lokacin da na fara aske gemu. A ɗaya daga ciki, a Kano, darasin ranar a kan kafaɗar mai shanyewar jiki ne. Malamin ya haska hoto a bango, sai ga lilona, kamar daga ɗakina aka ɗauko. Ya ce wannan an daɗe da daina sa masu shanyewar jiki a cikinta, domin naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, in aka fizgi hannun sama da igiya gaɓar ce take cin wuya, ciwon kuma yakan zauna. Ya tambaya ko akwai wanda har yanzu yake amfani da ita. Ɗakin ya yi dariya. Ni da ake jin dariyata a tasha, ranar ko numfashina ba a ji ba. Abin da nake ji kawai muryata ce ina ce wa bawan Allah ya ja, ragwanci ne.

Kusan wata uku abin ya ɗauka. A tsawon lokacin dattijon yana samun gashi sau ɗaya maimakon uku. Matarsa ta yi ƙoƙari da motsa jikin da aka koya mata, amma ina gani daga benci ƙafar tana ƙara tauri, tsayuwar da ya fara tana ja da baya. Ya daina tsokanata, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Kullum sai na duba waya sau ɗari, har uwargida ta ce in ba a turo lasisin nan ba ita za ta rubuta mini ɗaya da hannunta don a samu zaman lafiya a gidan. Ranar da ya fito hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Na buga shi a takarda, na kai ofis aka ɗage dakatarwar, ban ko tsaya cin abinci ba na kama hanyar Jajaye.

Kafin in taɓa shi na nemi gafararsa a kan kafaɗar. Na gaya masa ba ragwanci ba ne, ni ne ban sani ba, kuma ban sani ba ne don na ƙi zuwa inda ake sanarwa. Ya ce ya yafe, amma in rubuta a takarda cewa Bakano ya ba Bazazzage haƙuri, a kafe a kasuwar Rogo. Da na ji tsokana ta dawo na san mutumina yana nan. Muka kama aiki kamar masu biyan bashin salla. Abin da na koyo a bitar nan na zuba shi duka: yadda ake tallafe hannun, yadda ake sa shi ya tashi daga kujera ya zauna sau da yawa, yadda ake sa nauyi a kan shanyayyar ƙafar maimakon a riƙa lallaɓa ta. Ruwan shuka ya riga mu, ban cika alƙawarina a kan lokaci ba. Sai da gero ya kai gwiwa, ranar wata Juma'a, ya ɗauki sanda ya fito daga zaurensa, ƙanensa na gefe bai taɓa shi ba, ya taka har masallacin unguwarsu. Tafiyar da yaro zai yi kafin a ƙirga hamsin ta ɗauke shi kusan rabin awa, kuma duk wanda ya miƙo hannu sai ya harare shi. Ina bayansa ina share fuska ina cewa gumi ne. Na yi aiki da yawa a rayuwata, amma in aka ce in zaɓi guda in nuna, wannan tafiyar zan nuna.

Sai dai da aka tayar da salla ina sahun bayansa, na ga ya ɗaga hannu zai yi kabbara. Na dama ya kai kunne, na hagu ya tsaya a ƙirji, fuskarsa ta ɗan yamutse. Har yau haka yake. Abokan aiki sun ce mini ciwon kafaɗa yakan zo wa masu irin larurarsa ko da lilo ko babu, kuma gaskiya ne. Amma ni ba zan iya wanke kaina ba, don ya faɗa mini yana jin zafi, na mayar da shi abin dariya.

Abin da na koya shi ne, ba don takardar ake sabunta lasisi ba, don a tilasta wa irina ne mu koma mu zauna a gaban wanda ya san abin da ba mu sani ba. Gwanin da ya daina koyo bai san ranar da ya zama haɗari ba, kuma yabon mutane ba zai gaya masa ba, don masu yabon ba su san yadda ya kamata a yi ba. Ina kira ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya, musamman mu na karkara da babu mai leƙo mu: ku buɗe fayil yau ku duba kwanan wata. Kada ku jira kwamiti, kada ku ce sai baɗi, kada kuma ku fake da cewa hannunku ya ƙware. Nawa ma ya ƙware, har yanzu ban ga wanda ya fi shi ba daga nan har bakin iyakar Zazzau. Ni an dakatar da ni wata uku na dawo kujerata, har ana cewa na fi da iya aiki. Wanda bai yi laifin komai ba shi ne yake ɗaga hannu sau biyar a rana yana jin sakacina a kafaɗarsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.